Ba Aure, Ba Ɗa

Ni na ba Keziah Mottram shawarar. Gara in faɗa da bakina tun daga farko, kada a yi ta neman mai laifi a wani wuri.

Sunana Dorcas Hallam. A wani kurkuku na arewacin Ingila muka haɗu, cikin hunturun 1842, muna jiran jirgin ruwan da zai kwashe mu zuwa tsibirin Van Diemen. Ni shigata ta uku ke nan, na san dokar wurin kamar yunwar cikina. Ga shi na iya karatu da rubutu, don ubana ma'aikacin ɗab'i ne kafin giya ta gama da shi. Matan ɗakinmu Lauya suke kirana, sunan kuwa ya hau mini kai, ko ba a tambaye ni ba sai na yanke hukunci.

Keziah ba irinmu ba ce. Naɗin zaren siliki take yi a wata masaƙa ta garin Macclesfield, shekararta ashirin da uku, 'yar ƙarama mai shiru-shiru. Tari ya kashe mijinta Amos, masaƙar ta rage ma'aikata, ta tafi wani gari neman aiki ba ta samu ba. A can ta ga bargo a kan igiyar shanya ta ɗauka. Ko kwana ɗaya ba ta yi a cikinsa ba aka kama ta. Alƙali ya ce shekara bakwai a ƙetaren teku, ya sa aka kira na gaba.

'Yarta ɗaya, Selina, mai shekara uku. Ta bar ta a hannun Rhoda, yayar mijinta, wata doguwar mace da ba ta taɓa aure ba, wadda ba ta fashin zuwa coci, ba ta kuma fashin tuna wa mutane hakan. Duk zaman da muka yi a ɗakin nan, safa Keziah take saƙa wa yarinyar da jan ulun da ta warware daga mayafinta. Ta gama ƙafa ɗaya ta ba Rhoda ranar da ta zo ziyara, zuwanta ɗaya ke nan, ta ce ta biyun tana nan tafe.

Sai aka ce jibi akawu zai zo ya rubuta mu a babban littafin da zai bi mu jirgi: tsawo, launin ido, tabo, sana'a, aure, 'ya'ya. Keziah ta matso kusa da ni ta ce ta ji ana barin uwa ta tafi da ƙaramin ɗanta, ita so take ta roƙa a kawo mata Selina.

Na ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa? Wata huɗu a cikin jirgi, a ƙarƙashin katako, da ruwan sha mai wari. Kifi za ki kai wa 'yarki. In ma ta isa da rai, ƙwace ta za su yi su kai gidan marayu. In kuma kika ce kin bar 'ya a gida, wa ya sani ko hukuma ta je ta ɗauke ta ta kai gidan gajiyayyu. Ki ce ba aure, ba ɗa. A can maza sun yi wa mata yawa, aure shi ne ƙofar fita, kuma wadda aka rubuta budurwa ba a tambayarta takardar mutuwar miji. Ki yi aurenki, ki sami ɗaki, ki aika a kawo miki 'yarki cikin mutunci."

Ta ce ai ƙarya ce. Na ce mata littafin gwamnati ba Littafi Mai Tsarki ba ne, da an rufe shi babu mai sake buɗewa.

Akawun mura yake yi, ko kai ba ya ɗagawa. Ina bayanta a layi. Ya ce aure, ta yi shiru, na taka mata dunduniya, ta ce babu. Ya ce 'ya'ya. Nan ta daɗe har sai da ya ɗago ya dube ta. Ta ce babu. Ya rubuta, ya share hanci, ya kira ni.

Yara goma sha ɗaya aka shiga da su jirginmu. Huɗu aka naɗe a tsumma aka jefa teku. Duk wanda aka jefa sai na juya na kalli Keziah, ban ce komai ba, amma ta san abin da idona yake faɗa. Har gobe ina jin kunyar wannan kallo. A cikin jirgin ta ƙarasa safa ta biyu, ta cusa ta cikin rigarta, wajen ƙirji.

A Hobart, babban garin tsibirin, gidan wanki na mata fursunoni aka kai mu, can gindin dutse inda rana ba ta leƙowa sai ta ga dama. Wanki daga safe har yamma, cikin ruwan da ke tsattsaga hannu. Ni bakina ya jawo mini aski sau biyu da zaman ɗakin duhu. Keziah ko harara ba a taɓa kama ta da ita ba. Aka tura ta aikatau gidan wani mai tumaki, ta yi shekara uku da rabi, aka ba ta takardar talala, wato ta nemi aikinta da kanta amma ta riƙa kai kanta ana ganinta.

Lokacin ne Enoch Birtles ya fito. Gyaran takalma yake yi, shi ma jirgi ne ya kawo shi, ɗan guntun mutum mai ɗingishi da barkwanci. Ya nemi izinin aurenta, aka buɗe littafi, aka ga budurwa, cikin mako uku aka sa hannu. Wata bazawara da muka zo tare, wadda ta faɗi gaskiya, sai da ta shekara biyu tana jiran takarda daga Ingila. Ranar bikin na yi ta baza hanci, ina tambayar amarya wa ya gaya mata haka za a yi.

Enoch ya ce, "Lauya, ci naman tunkiyarki ki bar kunnenmu ya huta. Ko alƙali yana tashi shan shayi."

Tun kafin auren ta gaya masa zancen Selina, bai ko yi jim ba. Ya samo katakon akwatin kaya ya ƙera ɗan gado, ya ajiye a lungun ɗakin kusa da murhu. A zamanin gwamnati takan kawo iyalin fursunan da ya nuna halin kirki. Na zauna na rubuta takardar roƙo da hannuna mafi kyau, har da ƙawa a kan haruffa, muka tafi ofishin mu uku.

Akawun wurin ya karanta, ya tashi ya ɗauko littafin. Na gane littafin tun daga nesa. Ya bi layi da yatsa ya tsaya.

"Wace 'ya? Keziah Mottram, ba aure, ba ɗa. Ke kika faɗa, ko akawun kurkuku ne ya ƙirƙira?"

Ta ce ita ta faɗa.

"To, ko dai kin yi wa gwamnati ƙarya a wancan lokaci, ko yanzu kike yi mata. In ta farko ce, takardarki ta talala da aurenki duk sai an sake duba su. Wacce kika zaɓa?"

Na buɗe baki zan yi bayani, ya juyo ya tambaye ni sunana da sunan jirgina. Na gane ni ma shafina zai buɗe, sai na ja da baya. Muka fito ɗaya bayan ɗaya, Enoch yana jan ƙafa a baya. A bakin titi na tsaya ina jiran ta zage ni ko ta shara mini mari. Ta gyara hularta kawai ta ce mu je, wanki yana jira. Daga ranar ba ta sake kirana Lauya ba, sai Dorcas. Da marin ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya rage shi ne Rhoda. Sau biyu a shekara Keziah takan zo ɗakina da takarda da tawada, ta faɗa in rubuta. Wasiƙa takan yi wata huɗu ko biyar a hanya, amsa ma haka, saboda haka kowace wasiƙa kusan shekara guda ce ta sa rai. A shekara ta shida amsa ta zo, ita kaɗai ce kuma ta taɓa zuwa. Rhoda ta ce ta tashi daga Macclesfield ta koma garin Leek inda ba a san su ba. Ta gaya wa yarinyar uwarta ta mutu da zazzaɓi, yarinyar ta yi kukanta ta gama. Ba za ta bari a riƙa nuna 'yar ƙaninta da yatsa ba, don haka kada a sake rubuto mata. Na so in sassauta kalmomin ina karantawa, amma Keziah bakina take kallo, ta san lokacin da nake tsallake abu.

Ba ta daina aikawa ba. Shekara bakwai ɗinta ta cika, aka ce ta sami 'yancinta, sai dai jirgin da ya kawo mu kyauta ba ya mayar da kowa kyauta, Enoch kuma sakinsa da sharaɗi ne, ba zai sake taka Ingila ba har ya mutu. Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗan gadon nan ya koma wurin tara fata, amma ba ta yarda an fasa shi ba. Kowace shekara in watan haihuwar Selina ya kama takan ce mini yanzu ta kai tsawon tebur, yanzu ta kai kafaɗata, yanzu ta wuce ni. In tana tunani hannunta yakan tafi ƙirjinta, wajen safar, ba ta ma sani ba.

Ana nan aka daina kawo fursunoni, aka sauya wa tsibirin suna ya koma Tasmania, wai don a manta da irinmu. Matan da muka yi wanki a baho ɗaya suka fara cewa da ƙafarsu suka zo. In kika ji mace tana cewa ubanta kyaftin ne, duba bayan hannunta, sabulun gidan wanki ba ya ɓoyuwa. Kowa ya san ɗan fursuna ba ya samun aikin kirki, 'yar fursuna ba ta samun mijin kirki, nan ko can.

Wata ranar Talata da hantsi, cikin 1860, ina yankan dankali sai ga Keziah a ƙofa ba hula, hannunta duk kumfa, riƙe da ambulan. Ba rubutun Rhoda ba ne. Ta zauna a bakin gadona ta ce in karanta a hankali.

Wasiƙar ta fara da cewa, "Zuwa ga Goggo Keziah. Ba lalle ki tuna da ni ba. Ni ce Selina, 'yar yayanki Amos."

Na tsaya. Ta ce in ci gaba.

Yarinyar ta ce Goggo Rhoda ta rasu bara. Ita koyarwa take yi a makarantar yara ta coci, kuma an sa ranar aurenta da wani saurayi mai suna Josiah, ɗan dattijon cocin. Ana cikin shiri wata tsohuwa daga Macclesfield ta zo garin ta ce ai uwar Selina ba mutuwa ta yi ba, sata ta yi aka ƙetarar da ita. Uban saurayin ya dakatar da komai. Rhoda, tana kan gadon ciwo, ta rantse cewa Keziah ƙanwarsu ce, autar gidansu da ta lalace, uwar Selina kuwa sunanta Ann kuma tana kabari. Dattijon bai gamsu ba sai da ya rubuta wa hukuma a London. Amsa ta zo da sunan jirgi da abin da ke cikin littafi: Keziah Mottram, ba aure, ba ɗa. Ya nemi gafarar Selina a gaban mutane, aka mayar da ranar aure.

Sunan Mottram ta hanyar aure Keziah ta same shi, amma da shi da abin da ke littafin sai ta fito sak ƙanwar Amos da ba ta taɓa aure ba. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tamu ta yi, shekara goma sha takwas bayan mun shuka ta.

A ƙarshe Selina ta ce ba ta ƙyamar goggonta, kowa yana iya faɗuwa. Abu ɗaya take roƙo. Goggo Rhoda ba ta taɓa yarda ta yi mata zancen uwarta ba, kuma yanzu babu wanda ya rage da ya san ta sai Goggo Keziah. Duk abin da take da shi na uwarta wata 'yar jar safa ce, ƙafa ɗaya. Tana so a gaya mata wace irin mace ce, ko da layi biyu ne.

Na ajiye takardar. Na zagi Rhoda a kabarinta, na zagi dattijon da ɗansa da cocinsu. Na ce yarinyar nan ta girma, uwarta take nema, ga uwar a zaune da rai, a gaya mata gaskiya kowa ya huta, in saurayin ɗan halak ne ai ba zai gudu ba.

Keziah ta bari sai da na gama. Ta ce, "Na taɓa bin shawararki sau ɗaya, Dorcas."

Shekara goma sha huɗu tun ranar ofishin nan ba ta taɓa faɗa ba sai ranar nan. Na tashi na ɗauko tawada.

"Ki ce na san uwarta, babu wanda ya fi ni saninta. Ki ce 'yar ƙarama ce, ba wani kyau gare ta ba, amma babu mai saurin yatsunta a masaƙar. Ki ce ranar da aka haife ki ana zuba ƙanƙara, ubanki ya fita neman ungozoma da takalmi ƙafa ɗaya. Kina tsoron tsuntsun dinya. Ba kya barci sai kin riƙe kunnen uwarki, har kunnen ya saba. Ki ce ba da son ranta ta bar ki ba. Ki ce babu ranar da ba ta kira sunanki ba."

Na ɗaga alƙalami ina jira.

"Har ta mutu. Rubuta haka."

Na rubuta. Ta sa hannu cikin rigarta ta fito da safar. Janta ya koɗe ya koma kalar ƙasa, ta yi laushi don shan hannu. Ta shimfiɗa ta a kan gwiwarta ta lallashe ta da tafin hannu, ta ce in ƙara da cewa ga ɗayar ƙafar, uwarta ce ta bar mata ajiya, a gafarta mata da ta daɗe ba ta aiko ba. In rufe da cewa goggonki mai ƙaunarki.

Akwai sauran fili a ƙasan takardar, kamar faɗin yatsa uku. Keziah ba ta san ko harafi ɗaya ba. Ba zan ɓoye ba, na sake tsoma alƙalami a tawada, kalma uku kawai nake bukata: uwarki tana raye. Na daɗe a haka har tawada ta ɗiga a kan tebur. Sannan na ajiye.

Ta karɓi takardar ta ninke, ba ta sa alamarta ba. Washegari na ji ta kai wa matar fasto ta karanta mata daga farko har ƙarshe, sau biyu, sannan ta zana ɗan gicciyenta a ƙasa ta kai gidan waya da kanta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban ga laifinta ba.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni amsa ta zo. Selina ta ce ta karanta wasiƙar har ta haddace. An yi aure lafiya, ta haifi 'ya mace, safar biyu suna cikin akwati suna jiran ƙafa ta girma. Ta sa wa jaririyar sunan uwarta, Ann. Keziah ta ce in maimaita wurin safar. Na maimaita. Ta ce to madalla, garin Leek akwai sanyi. Hannunta ya tafi ƙirjinta ya tarar babu komai, ta mayar da shi kan cinya.

Hunturu uku ta ƙara. Tarin da ya kashe Amos irinsa ne ya kama ta, ruwan wankin nan bai bar ƙirjin kowa lafiya ba. Ni na yi jinyarta, don Enoch in ya shigo ɗakin kuka yake yi, sai ta koma tana lallashinsa. Ana saura kwana biyu ta kama hannuna ta sa na yi mata alkawarin ba zan tona asirin ba, ko bayan ranta, ba a takarda ba, ba a bakin kabari ba. Ta ce magana tana da ƙafa, tana hawa jirgi.

Ranar jana'iza da safe fasto ya zo gidan da ɗan littafinsa don ya san abin da zai faɗa. Sabon zuwa ne, bai san mu ba. Ya tambayi shekarunta da garinsu, Enoch ya amsa. Sannan ya ce, "Ta bar 'ya'ya?"

Enoch ya sunkuyar da kai yana kallon ɗan gadon da ke lungu. Faston ya juyo gare ni, alƙalaminsa a kan takarda.

Na ce masa babu.